Ranar da Batir Ya Mutu a Kagarko

In kana son sanin halin magidanci a Kagarko, jira safiyar hunturu, ya murɗa makulli, mota ta yi ƙyas-ƙyas ta yi gum.

Ga Malam Turi. Batirinsa ya mutu tun kakar cittar bara, amma ya rantse sanyi ne kawai ya kama shi. Ba ya ajiye mota sai a gangare. 'Ya'yansa duk sun yi ƙwanji, samarin unguwa kuwa da sun hango shi da makulli sai kowa ya tuna an aike shi.

Alhaji Araha shi ma ba ya sayen sabo. Gara ya ƙona mai har Panteka a Kaduna ya sayo na hannu. Mai shago ya goga waya, wuta ta yi tartsatsi, ya ce, "Alhaji, ka gani? Kamar sabo!" A hanyar dawowa Alhaji ya tsaya sallar la'asar a Jere, mota ta ce a nan za ta kwana.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne Injiniyan Dole, mai sifana lamba 10 ta aro. Ƙa'ida dai a fara kwance baƙar waya mai alamar ragi, in za a ɗaura kuma ita ce ta ƙarshe. Shi duk ɗaya ne a wurinsa, ja da baƙi 'yan uwan juna ne, sai fis ya ƙone ya ce aikin sammu ne. Kan batir ya yi sako-sako? Ya cusa ƙusa ya bi da dutse. Ya yi farin gari? Ya tuttula masa Coca-Cola. Wai tunda duk bolt 12 ne, ya ɗauko mai amfiya 100 ya ɗora wa ƙaramar Corolla, mazauni ya ƙi ɗauka, ya ɗaure da robar tayar babur.

Akwai wani bawan Allah da ya canza batir uku yana tsine wa masu shago, alhali altaneta ce ba ta caji. Da ya je wurin mai wayarin an auna ta mota na kunne, da ya gane: lafiyayya wajen bolt 14 take bayarwa.

Sai maƙwabci mai "Yallaɓai, ɗan ara min in tayar," wanda in an ɗauke wuta har ƙwallo yake kallo da naka.

Ni dai ɗan gidan Malam Turi ne. Duk mai wucewa ta ƙofar gidana gobe da asuba, don Allah ya sa hannu.