Ranar Da Na Ja Hambirki

Peugeot 504 gare ni, 'yar Kaduna, ƙirar 1982, wadda na gada daga kawuna da injinta na asali mai silinda huɗu. Ba ta taɓa kwana da ni a hanya ba. Laifinta ɗaya, in na hau titin Zariya yara masu Golf sukan wuce ni suna ɗago mini hannu cikin ladabi. Bakanikena ya ce akwai magani. A Ƙofar Ruwa ya ga injin Peugeot 604 kwance da giyabos ɗinsa, silinda shida, lita 2.7, wanda Peugeot da Renault da Volvo suka haɗa hannu suka ƙera. Nawa lita biyu ne, ƙarfin doki casa'in da 'yan kai, wancan kuwa 136. Na ce zai shiga? Ya ce, "Oga, kamfanin da kansa ya sa shi a 504 mai ƙofa biyu, har ta ci tseren Safari a Kenya a 1978." Gaskiya ya faɗa. Sai dai waccan injiniyoyi ne suka zaunar mata da inji, tawa kuwa shi ne da yaransa biyu da mai waldar da ke jikin garejin.

Injin 504 a kishingiɗe yake zama, wannan kuwa faɗi ne da shi, don haka mazauninsa bai dace ba. Mai walda ya yanko ƙarfe ya ƙera sabo, aka yi masa matashi da robar tayar tirela. Farfela aka yanka aka haɗa. Wayar totur ta gaza, aka ƙarasa ta da wayar birkin babur, aka ɗaure tamau babu rara. Tsakanin fanka da lagireto da ƙyar yatsa zai shiga. Tsohon injin na sayar wa wani mai tasi na cika kuɗin aiki. Matata ta ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa na neman yadda zai rage silinda, ni kuma na je na ƙaro biyu. Na ce mata harkar mota sai wanda ya san ta.

Shekaranjiya Asabar aka yi ɗaurin auren ƙanwar matata, ni aka ɗora wa kai manya masallaci. Surukina tsohon ma'aikacin masana'antar Peugeot ta Kakuri ne, irin motata ba su ƙirguwa da suka bi ta hannunsa, kuma mutum ne mai tsadar magana. Da na faka a ƙofar gidansa ya karkata kunne, ya saurari ƙugin na ɗan lokaci.

"Me aka sa mata?"

Na durƙusa. "Mai shida ne, Baba."

"Shida," in ji shi. "To, Allah ya sa alheri."

Ya shiga gaba. Ƙaninsa, waliyyin amarya, ya shiga baya tare da limamin unguwa, kwandon goro da dabino a tsakaninsu. Babbar rigar surukina shadda ce da ta sha sitati, da ya zauna sai ta mamaye gaban motar, ta rufe giya, ta rufe hambirki. Wane ni in ce wa surukina ya tattara rigarsa? Na zura hannu ta ƙarƙashi, na ce a gafarce ni, na sa lamba ɗaya. Jama'a cike da rumfa a kan kujerun roba, kowa ya zubo ido. Niyyata kawai su ɗan ji muryar silinda shida, sai na ɗan ƙara wa totur nauyi kafin in saki kuloci.

Ga abin da ya faru a ƙarƙashin banet, yadda bakanike ya warware mini daga baya yana sosa ƙeya. Duk inji in ya ɗauki kaya yakan so ya murɗe gefe guda, mazauninsa ne ke riƙe shi. Waldarmu ta riƙe na ƙiftawar ido ta saki. Injin ya ɗaga kafaɗa ɗaya ya naushi banet daga ciki, har yanzu ƙulun na nan. Da ya ɗaga sai ya ja wayar totur, tunda ba ta da rara. Da wayar ta jawu sai mai ya ƙaru, da mai ya ƙaru sai injin ya ƙara ɗagawa. Wato ya koma ba wa kansa wuta, ni ɗan rakiya ne. Ana cikin haka fanka ta kai wa lagireto cizo.

Ni ban san ko ɗaya ba a lokacin. Abin da na sani, na ɗage ƙafa amma motar ba ta ji ba. Na taka birki da ƙafafu biyu. Tayoyin gaba suka ƙame, na baya suka kama haƙar ƙasa suna watsa wa 'yan ɗaurin aure jar ƙura, motar na rarrafe gaba tana kururuwa, ta nufi rumfa. Tururi ya turnuƙe gilashi. Liman na salati, waliyyi ya rungume kwandon goro. Sai tunanin hambirki ya faɗo mini. Na cusa hannun dama cikin shadda, na laluba, na damƙi abu mai tsawo da ƙarfi, na ja shi sama da iyakar ƙarfina.

Bai yi ƙarar da na saba ji ba, ƙar-ƙar-ƙar ɗin nan. Na ce a raina tsatsa ce. Na gyara riƙo, na sake ja, kamar mai tuge rogo a busasshiyar ƙasa. Ya taso da kyau, har na ji daɗi. Abin da ya fara ba ni shakka shi ne ɗumi. Hambirki ba shi da ɗumi. Sannan na ga takalmi, sau-ciki baƙi mai sheƙi, ya ɓullo daga ƙarƙashin shadda yana tahowa sama a hankali, ya wuce rediyo, ya zo daidai dashbod ya tsaya yana kallona.

"Malam," in ji surukina, da muryar da yake tambayar ko an ci abinci, "wannan ƙafata ce."

Wallahi na ji shi sarai. Kunnena ya ji, kaina ya fahimta, saƙon ne bai kai hannu ba. Mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba tun ranar da na je gaisuwar neman aure, mutumin da in na hango shi a layi nake sauka daga mota in durƙusa, ga ƙwaurinsa a hannuna, na ɗaga shi sama, ina ƙara matsewa. Kuma da bakina ya buɗe, ba haƙuri na ba shi ba. Cewa na yi, "Baba, ba ya ci!"

"Ba zai ci ba," ya ce. "Kashe ta."

Na murɗa makulli da ɗaya hannun. Motar ta yi tari ta mutu, hancinta cikin rumfa, ƙafar rumfar guda ta kwanta a kan banet, kujerun roba sun watse, ba wanda ya ji ciwo. Tururi ya yaye. Duk wanda ya gudu ya dawo ya leƙo ta taga, kuma abin da suka tarar ke nan: hular surukina ta zamo kan hancinsa, ƙafarsa ta hagu a sama, ni riƙe da ita. Ban saki ba sai da liman ya miƙo hannu daga baya ya ɓamɓare yatsuna ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ya isa haka, ɗana, mun tsaya."

Daren jiya na kwana ina maimaita wannan wurin. Kowa sai ya ce ai da kuloci ka taka. Na sani. Ƙafar da za ta taka shi tana kan birki tana taya 'yar'uwarta.

Allah dai ya yi wa mai raken bakin layin albarka, shi kaɗai ya sanyaya mini rai. Tsoho ne, da wuƙarsa a hannu ya ratso taron, ya ce a ba shi wuri, ya yi yaron mota a hanyar Nguru tun kafin a haife ni. Aka ɗaga banet. Injin ya karkace, ruwa na tsiyaya daga ramin da dunƙulen hannu zai shige. Ya duba, ya duba, ya ce, "Fulogi ne."

Na ce, "Baba, dubi lagireto fa."

"Shi wannan ba komai ba ne. A fasa ɗanyen ƙwai biyu a ciki, a bi da garin barkono, ya toshe. Har Maiduguri mun je a haka." Ya zagaya baya ya doki taya da ƙafa, ya ce iska ta yi yawa, shi ya sa ta yi fushi. Ya ce da na aza buhun siminti biyu a but da ba ta motsa ba, wanda kuwa gaskiya ne ta wata fuskar. Ya sa yara su zo a tura, wai in aka tura za ta tashi, sai da waliyyi ya rantse cewa duk wanda ya sake tayar da motar nan shi da Allah. Daga nan ya koma kan surukina, wanda ke zaune a kujera yana murza ƙwauri, ya ce, "Alhaji, baƙin mai za a shafa, wanda ya ɗan yi tafiya. Sabo ba ya aiki." Surukina ya ce ya gode.

Har ya koma wajen rakensa sai ya dawo, ya ja ni gefe, ya rage murya don kada ya kunyata ni a gaban mutane.

"Alhaji ƙarami, in faɗa maka gaskiya? Injin nan ya yi mata kaɗan. Wahala yake sha, shi ya sa yake tsalle. Ka samo babba."

A Adaidaita Sahu manya suka tafi masallaci, aka ɗaura aure bayan azahar. Surukina bai ce mini komai ba har yau, illa ya aiko ƙaramin ɗansa da saƙo cewa in za a mayar da injin asali, a kira shi ya tsaya a kan aikin. Na je wajen mai tasin da safen nan. Ya ce injin lafiyarsa ƙalau, kullum yana Wudil ya dawo, kuma ba na sayarwa ba ne.