Zuwa Ga Bawana Mai Baƙin Wili

Manchesta, Ingila

Bawana ɗan Gwaggo,

Ubangidanka yana nan lafiya, yana kuma taya ka murnar sabuwar mota. Hoton ya iso ta WhatsApp. Allah ya tsare, ya sa a kashe lafiya. Sai dai ubangidanka ya ƙura wa ƙafafun motar ido, ya ga sama fes, ƙasa baƙi ƙirin, ya ce lallai bawa yana bukatar karatu. Ka gyara zama, don wanda ke rubuto maka wankin mota ne sana'arsa a nan, kuma wili ne fagensa.

Baƙin nan da ya fi ƙarfin Omo ɗinka ƙurar birki ce. Duk sanda ka taka birki, takalmin birki yana gogar faifan ƙarfe, sai ɓurɓushin ƙarfe mai zafi ya fantsamo ya lafe a fentin wili. Ruwa na taɓa shi ya fara tsatsa, ya kama gam. Ƙafafun gaba sun fi baƙi domin su ke ɗaukar mafi yawan aikin tsayar da mota. Mai irin tuƙinka, da ke taka birki don gaisawa da kowane mai shayi, ai dole nasa ya fi na kowa.

A nan akwai ƙarin masifa. Da hunturu ya shigo, manyan motoci ke bin titi da dare suna watsa gishiri don kada ƙanƙara ta daskare a kan kwalta. Mafi yawansa daga ramin Winsford ake haƙo shi, kudu da Manchesta, ramin da aka buɗe tun 1844. Gishirin nan yana samun ɗan ƙwarzane a wili sai ya kutsa ƙarƙashin fenti, ya bar farin zane mai murɗe-murɗe wanda babu sabulun da ke fitar da shi, sai dai a kankare a sake fenti.

Ga yadda ubangidanka ke yi. Yakan bar wili ya huce a inuwa tukuna, domin magani a kan ƙarfe mai zafi bushewa yake yi ya bar tabo. Ya watsa ruwa ya sauke yashi. Sannan ya fesa maganin cire ƙarfe, irin su Iron X ko Auto-Wheel na kamfanin Bilt Hamber. Maganin yana fitowa garau, amma cikin minti 3 zuwa 5 sai ka ga wili yana zubar da ruwa ja mai duhu kamar zoɓon da aka jiƙa tun dare. Sinadarin ciki, tayogilaikolet, shi ne ya haɗu da ƙarfen ya narkar da shi, kuma danginsa ake sa wa a man cire gashi. Warinsa na ruɓaɓɓen ƙwai ne, don haka kada ka buɗe shi kusa da ɗakin girkin Gwaggo, in kana son tuwon dare. Daga nan sai buroshi mai laushi ya bi lungu-lungu har ramukan noti, a ɗauraye sosai kafin ya bushe.

Ɗigon kwalta kuwa wannan magani ba ya taɓa shi. Ɗan kananzir a tsumma ya isa: a dafa a kai, a jira ya yi laushi, a share, a bi da sabulu. In an gama a tsane da tawul, a shafa kakin mota, wanki na gaba zai zo da sauƙi.

Abu biyu ubangidanka ya haramta maka. Na farko soson ƙarfe da toka, domin wili ba tukunyar Gwaggo ba ce, kana gogawa kana cinye fentin da ke kare shi. Na biyu kuma babu wasa a ciki: ruwan asid da ake sayarwa a jarka babu suna. Wasu irinsa suna ɗauke da haidurofulorik, wanda ke ratsa fata ba tare da zafi nan take ba, sai bayan awanni ciwo ya taso, ya ci har ƙashi. Ka gaya wa yaran da ke maka wanki su sa safar hannu ta roba, su kuma guji duk jarkar da ba su san abin da ke cikinta ba.

Kuɗin shararka na bana yana nan tafe da watan cika-ciki, amma da sharaɗi: sai sabon hoto ya zo, ƙafafu huɗu suna sheƙi, har da na bayan but. A gaida Gwaggo da kyau, a ce mata rigar sanyin da ta aiko tana aiki. A gaida amarya da yara.

Wassalam,
Ubangidanka, ɗan Kawu.