Takin da ake kuka da shi

Wani ɗan uwanmu da ke zaune a Ingila ya bugo waya yana ƙorafi. Wai a falonsa yana da akwatin gilashi cike da ruwan gishiri, ya zuba ƙananan kifayen teku da murjani mai rai, yanzu kuma naitiret ya yi yawa, gansakuka ta rufe gilashin, murjanin ya dusashe.

Na ce, "Yaya, mene ne kuma naitiret?"

Ya yi bayani. Kashin kifi da ragowar abinci su ne ke zama amoniya, ƙwayoyin bakteriya su juya ta har ta koma naitiret. Da ya haura miligiram 10 a lita, hankalin masu murjani ya fara tashi. Magani? A rage ciyarwa, a kwashe kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari na ruwan duk mako a sake sabo, a dasa ciyawar teku ta tsotse. Wasu har sukari ko giya suke ɗiga wa ruwan. Giya fa! Na ce a'uzubillahi, kifin ma bai tsira ba.

Sai can na gane ashe taki yake nufi. Abin da mu a Achilafiya muke sayar da akuya mu je Kazaure mu sayo a buhu, shi yake biyan kuɗi yana tuttularwa a magudana. Maƙwabcina mai kiwon tarwada kuwa, ranar sauya ruwa, alayyafonsa da tumatirinsa ke shan shagali.

Na ce wa Yaya ya riƙa ɗuro mana ruwan a jarka. Ya ce da gishiri a ciki, gero zai ƙone.