Danjar da Mai Mota Ba Ya Gani

Ɗan adaidaita sahu ne ya fara ba ni labari, bayan ya kusa shigewa but ɗina a kan titin Zariya. Ya leƙo da kai ya ce, "Haba Alhaji! Danjarka ba ta kamawa, kashe mu za ka yi?" Sauran abin da ya faɗa ba zai rubutu ba.

Motar Corolla ce ƙirar 1990, ta shigo ta Kwatano tun ina da baƙin gashi. Injinta lafiya lau. Wayoyinta ne dai duk mai gyaran da ya taɓa su sai ya bar nasa tarihin da salatif.

Wahalar danja ita ce mai taka birki yana gaba, ita tana baya. Dole ka nemi shaida. Na tsayar da autana, na taka.

"Ta kama?"

"E, Baba, ja ce."

Har na fara hamdala, sai ya ƙara da cewa, "Kafin ka taka ma ja ce." Gilashin yake kallo, bawan Allah.

Na sallame shi, na saci jiki na shiga kicin na ɗauko muciya, na tokare ta tsakanin kujera da birki, na zagaya baya na gani da idona: duhu, hagu da dama. Ina tsugune uwargida ta fito, tukunya na kan wuta. Ta dubi muciyarta a ƙasan sitiyari, ta dube ni. "Malam, yau motar za ta tuƙa mana tuwon?" Ta zare abarta ta tafi.

Maƙwabcina, tsohon direban babbar mota, shi ya kawo hankali cikin lamarin. Ya ce ƙwan fitila biyu ba kasafai suke mutuwa rana ɗaya ba. In duka gefen biyu sun ɗauke, a nemi abin da suka yi tarayya a kai, wato fis, ko makunnin da ke saman birki, ko wayar da ke manne da jikin ƙarfen mota. Muka buɗe gidan fis. A gurbin danja, inda ya kamata a ga fis mai lamba 15, sai ga wani tsohon fis an naɗe shi da takardar azurfa ta kwalin sigari. Maƙwabcina ya yi salati. Ya ce fis an yi shi ne don ya ƙone a madadin wayoyi, wanda ya naɗe shi kuwa ya zaɓi motar ta ƙone a madadin fis. Muka sa sabo. Shiru.

Sai ya kwanta rigingine, kai a ƙasan sitiyari, ƙafafu a waje, ya cire wayoyi biyun makunnin ya haɗa bakinsu. Nan take danjar dama ta kama. Makunni ya mutu ke nan. Ta hagu kuwa ko gezau, ashe ita ta daɗe da riga mu gidan gaskiya, ba wanda ya kawo ta'aziyya.

Na nufi Ƙofar Ruwa na sayo makunni da ƙwai. Yaron wani mai gyaran wuta ya ɗaura su. Na lura ƙwan ya ƙi zama, ya murɗa shi da ƙarfin tsiya yana cewa, "Haka sababbi suke, Alhaji."

Da daddare muka fita gaisuwa da uwargida. Na taka birki, fitilun mita suka haska. Na saki, suka mutu. Na sake takawa, har ƙananan fitilun gaba suka kama. Ta matsa jikin ƙofa tana karanta duk abin da ya zo bakinta, ta ce tun ranar da muciya ta shiga motar nan ta san ba za a wanye lafiya ba.

Washegari ogan yaron ya zare ƙwan, kallo ɗaya ya yi masa ya kai wa yaron ranƙwashi. Ƙwan danja zare biyu gare shi, mai wat 21 na birki, mai wat 5 na fitilar dare, kuma gindinsa ɗigo biyu ne. Wanda aka ba ni ɗigo ɗaya ne a tsakiya, ya zauna a kan hanyoyin biyu ya haɗe su, wutar birki tana bi ta layin fitilar dare har gaba. Aka sa na gaskiya, komai ya daidaita.

Tsakar dare mai gadin layinmu ya buga min taga a hankali. "Alhaji, akwai mutum cikin motarka, yana taka birki." Kafin in sa takalmi unguwa ta tashi, wani da gora, wani da tocila, maƙwabcina da adda. Muka kewaye mota, danja ja wur. Aka yi ta kiran ɓarawo ya fito, ya ƙi. Da muka buɗe, babu kowa sai wasu ɓurɓushin roba a kan tabarmar ƙafa.

Wata 'yar roba ce a jikin sandar birki, ita ke danne makunni in ka ɗaga ƙafa. Ta tsufa ta farfashe, kan makunnin ya faɗa ramin da ta bari, danja ta zauna a kunne. Jama'a suka watse suna ƙunƙuni, ni ma na koma barci, ita kuma ta kwana tana shan batir. Da safe mutanen da suka zo kama ɓarawo su suka tura ni.

Da na mayar da motar wurin oga, bai ma nemi sabuwar roba ba. Ya laluba akwatin kayan aikinsa ya ɗauko tsabar naira 1, irin wadda aka fitar a 2007, wadda ko mai rake ba ya karɓa, ya shafa mata gam ya toshe ramin. Na tambayi kuɗin aiki, ya faɗa, sannan ya ce, "Ban da kuɗin kaya, Alhaji."