Tagar Yamma

Mu mutanen bakin ruwa, in ka gan mu jere a dakali bayan la'asar cikin watan Afrilu, to ɗaki ne ya koro mu. Daga Yelwa har Wara zancen ɗaya ne. Jiya ma a ƙofar gidan maƙwabcina, wanda ya tare a sabon gininsa bara, hirar da aka yi ke nan har aka kira magariba.

Wundon alminiyon ya sa wa ɗakunan, mai baƙin gilashi, irin wanda ake turawa gefe. Kyau kam ba a magana, duk wanda ya wuce sai ya waiwaya. Amma tun da bazara ta kama, shi da iyalinsa a tsakar gida suke kwana.

Wani dattijo a cikinmu, tsohon magini, ya ce masa, "Ɗana, kuɗin taga guda ka biya, rabin taga aka ba ka. Duk yadda ka tura ta, gilashi ɗaya na bayan ɗan'uwansa, rabin ramin a toshe yake."

"To Baba, da wacce zan sa?"

"Mai marfi biyu, wadda in ka wangale ta ramin duka naka ne. Ko luba ta da, da kuka raina."

Gaskiya ya faɗa. Luba tana da aibinta: ƙurar hunturu na bi ta tsakanin gilasan, yara na fasa su da ƙwallo, hannunta na tsatsa. Sai dai in ka buɗe ta, iska ba ta neman izini. Mun cire ta ne don an ce ta tsufa, ba don ta gaza ba, kuma wannan yana damuna.

Akwai wani abu da ya shafe mu fiye da mutanen Kano ko Zariya. Ruwa yana yamma da mu. Da rana ƙasa ta fi ruwa saurin ɗaukar zafi, shi ya sa iska mai ɗan sanyi ke tasowa daga tafkin Kainji ta nufo gari. To ta wannan gefen ne kuma ranar la'asar ke dukan bango. Taga ɗaya ke kawo maka alheri da azaba. Gilashi yana barin rana ta shigo, zafin kuma ya maƙale a ciki. Baƙin gilashi na rage haske, amma shi kansa yana ɗaukar zafi, taɓa shi da ƙarfe huɗu ka ji. Labulen ciki ma bai isa ba, don kafin rana ta kai gare shi ta riga ta shiga ɗaki. A waje ake tare ta: rumfa a kan tagar, ko dogonyaro a gabanta, ko asabarin nan na iyayenmu mata, wanda ke hana rana ya bar iska ta ratsa.

Dattijon ya tuno mana da tashin 1968, lokacin da madatsar Kainji ta cika, ruwa ya ci tsohuwar Busa da gungu-gungu, aka tayar da sama da mutum 40,000. Gungawa da sauran waɗanda suka saba da ɗakin laka da jinka aka mayar da su gidajen siminti masu rufin asbesto. Ya ce da yawa ba su daɗe ba suka kafa bukkar ciyawa a gefe, don jiki ya san inda yake samun barci. Bangon laka mai kauri yana jinkirta zafi, jinka tana numfashi, 'yar ƙaramar taga can sama kuma tana fitar da iska mai zafi, wadda dama sama take yi. Mu yanzu bulo ne da kwano, wani ɗakin ko silin babu, sannan taga ɗaya tilo. Iskar da ba ta ga mafita ba, ba ta shigowa. Sai da taga biyu masu kallon juna.

Sauro kuwa, a bakin tafki ba a wasa da shi, raga dole ce. Amma wa ya taɓa wanke ragar tagarsa bayan hunturu? Ƙura ta liƙe idanunta, mu kuma mu ce iska ta ɗauke. Ga ƙarafan hana ɓarawo da muke sa mai walda ya manne su ko'ina. Ni dai ina roƙon kowa ya bar taga ɗaya mai buɗewa da kwaɗo, saboda ranar gobara, Allah ya kiyaye.

Wani ya ce ai fanka na maganin duk wannan. Aka ce masa in an ɗauke wuta fa, ga kuɗin man janareta.

Maƙwabcina dai ya ce ba zai ɓalle wundonsa ba, ya ci kuɗi. Amma da muka tashi alwala na ji yana tambayar Baba tsawon rumfar da za ta rufe tagar yamma, da kuma inda ake samun asabari mai kyau a kasuwar Yelwa.