Gawo Ɗan'uwan Wake Ne, In Ka So Ka Yi Fushi

Ee, Malam, kunnenka lafiya lau yake. Ƙaton gawon nan da ke tsakiyar gonarka a Matamaye dangin wake ne. Ka ce me? Ina itacen da ba ya rungumuwa, ina abin da ke yaɗo a ƙasa? To sunkuya ka tsinci ɗansa ɗaya kafin akuya ta riga ka. Ga shi ja-ja, murɗaɗɗe. Ɓare shi. Ƙwayoyi ne a jere cikin kwanso ko ba su ba? Masana tsirrai ba da tsawo suke ƙulla zumunta ba, ɗa da fure suke duba.

Ka ce to in dafa maka alalar gawo? Ka fara ci, ni azumi nake. Ai tsamiya da ɗorawa da bagaruwa duk gidan nan suka fito, ban ji ka nemi ƙosansu ba.

Bar batun ciki, mu leƙa ƙasa. A saiwar gawo akwai ƴan ƙullutai irin na gyaɗa, inda wasu ƙwayoyin halitta ke kama naitirojin na iska su mai da shi taki. Ga kuma halinsa na ɗan adawa: damina ta faɗi, kowa na kore, shi ya kakkaɓe ganyensa, rani ya yi, ya ɗau ado. Hatsin da ke gindinsa ya sha rana ya sha taki, dabbobi kuma su samu inuwa da ƴaƴa lokacin da harawa ta yi tsada. Kana cewa albarka ce kawai. Na yarda, amma albarkar tana da saiwa.

Ka ce ai ƙaya gare shi, jinsinsu ɗaya da bagaruwa? Turawa ma nan suka zame. A 1813 wani masanin tsirrai, Delile, ya sa shi cikin Acacia, jinsin su bagaruwa. A 1934 wani masanin, Chevalier, ya ga zaren furensa a haɗe suke daga gindi, ya ware masa jinsi shi kaɗai tilo, ya raɗa masa Faidherbia, don tunawa da Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal. Jama'a, ku ji ɗibar albarka! Itacen Magariya da Mirriya, da sunan gwamnan mulkin mallaka! Amma waren ya yi masa rana. Da taron masana na Melbourne ya tabbatar wa itatuwan Ostareliya sunan Acacia a 2011, bagaruwa da ɗakwara sai da suka sake suna. Gawo ko gezau.

Har yanzu kana harararsa, wai zai yi turmi mai kyau? Tarihi ya ce a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, mai sare gawo kansa ake sarewa. Ka yi sa'ar zamani, Malam. Yanzu jami'in gandun daji ne zai tsare ka, shi kuwa aljihu yake sara.