Yadda Ake Kallon Kashi na Biyu a Zango Ba Tare da An Raina Ka Ba

Idan aka gayyace ka kallon kashi na biyu na wani fim a Nima ko Mamobi, kada ka kuskura ka ce ba ka ga na ɗaya ba. Ko ba ka gani ba, ka gani. A kan benci ana zama ne bisa girma, kuma girman ba na furfura ba ne. Wanda ya ce a sinimar Dunia ya ga na ɗaya yana gaban wanda ya gani a gidan bidiyo, na gidan bidiyo yana gaban mai faifan CD, shi kuwa wanda ya kalla a waya, shi ake aike ya sayo gawayin ataya. Saboda haka da ka shiga bes, wato wurin zaman ataya, ka yi sallama, sai ka ja ɗan tsaki ka ce, "Ai ba zai kai na farko ba." Wannan magana ba ta taɓa kayar da mai ita ba. In fim ya yi daɗi an manta ka faɗa, in bai yi ba kai ne malami.

Bari mu ɗauki Terminator 2 mu yi karatu a kansa, tunda har yau ba a gama shari'arsa ba. James Cameron ne ya shirya shi, ya fito a 1991, shekara 7 bayan na farko, kuma ya ci kusan dala miliyan 100, kuɗin da ba a taɓa kashe wa wani fim ba kafin nan. Riƙe waɗannan lambobi a aljihu, ka riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya, musamman in musu ya juya maka baya. Sunan jarumin Arnold Schwarzenegger, amma kada ka gwada furta shi a gaban mutane, harshenka zai harɗe a banza. Tun fim ɗinsa na 1985 sunansa Komando, kuma zamansa gwamnan Kalifoniya a 2003 bai canja komai ba a Nima.

Aikinka na farko da an kunna shi ne ka tantance buloman da killa, wato jarumi da mugu, ka sanar da jama'a da babbar murya kafin wani ya riga ka. To a nan tarkon yake. A fim ɗin 1984 Komando ne killa, mutum-mutumin ƙarfe da aka turo daga zamani mai zuwa ya kashe Sarah Connor. A na biyu sai ga shi ya dawo da fuskar nan tasa, tsirara kamar yadda ya saba, ya ƙwace kayan wani da babur ɗinsa, amma wannan karon ɗanta John ya zo karewa. Killan kuwa wani siriri ne sanye da kayan ɗan sanda. Idan ka yi gaggawa ka nuna Komando ka ce "ga mugun nan," ka tona wa kanka asiri. Idan kuma ka faɗi gaskiya tun da wuri, za a ce ka ɓata wa mutane kallo. Mafita ita ce ka girgiza kai ka ce, "Ku dai zuba ido." Ko me ya faru daga baya, kai ka faɗa.

Da zarar gaskiya ta bayyana, ɗaki zai rabu biyu, kuma dole ka zaɓi ɓangare. Akwai masu cewa ya tuba, kuma wanda ya tuba ba a tuna masa da baya. Akwai masu cewa ƙarfe ba ya tuba, saiti kawai aka canja masa, ba ma shi ne na farkon ba, ɗan'uwansa ne da suka fito masana'anta ɗaya. Na biyun su ke da gaskiya, amma ina ba ka shawara ka bi na farkon, don sun fi yawa kuma galibi a cikinsu mai tukunyar ataya yake. Hujjarsu ba ta da rauni yadda kake zato: yaro ya hana shi kisa, ya kuwa daina, sai dai ya harbi mutum a gwiwa. Za ka ji wani daga baya ya ce, "Kawu, wannan ai rabin tuba ne." Kada ka amsa. Bar Kawu ya amsa, ya fi shekara 30 yana shirya jawabin.

Idan akwai almajirin malam a wurin, zai tsaya a kan sunan fim ɗin, domin Ranar Hisabi aka sa masa, kuma a cikin fim ɗin har kwanan wata aka ba ranar, 29 ga Agusta 1997. Zai ce babu wanda ya san ranar sai Allah. Ka ce masa gaskiya ne, shi ya sa ma ranar ta zo ta wuce muna nan muna cin wake da shinkafa. A wuce wurin.

Ihu yana da ƙa'ida. Ba a tafa wa magana, ana tafa wa duka. In Komando ya juya bindiga da hannu ɗaya a kan babur, tashi tsaye halal ne. In killa ya biyo yaro da babbar mota cikin magudanar ruwan Los Angeles, wani zai ce a kawo shi babban gwatan Nima a ga ko zai yi taku goma. Ka yi dariya ko da ka ji ta sau ɗari. Sannan ka riƙa gargaɗin jarumi: "Bayanka! Bayanka!" Ba ya ji, mun sani, amma in ka yi shiru aka soke shi, da kai za a yi kuka.

Wuri mafi daɗi shi ne kusa da masu sana'a, in ka samu. Zauna gefen mai gyaran rediyo daga Zongo Lane, can cikin gari inda ake sayar da kayan lantarki. Shi ba tsoro yake kallo ba, aiki yake kallo. In fuskar Komando ta yage jan ido ya bayyana, zai ce ƙaramar matsala ce, a kawo masa gobe da safe. Killan ne kaɗai ke tayar masa da hankali, don narkakken ƙarfe ne, a harbe shi ramin ya rufe, a daskarar da shi ya farfashe ya sake haɗuwa, ba waya ba noti, ba inda mutum zai sa sukundireba ya ci abinci. A ɗaya gefen kuma ka nemi mai sayen kondem, wato tsofaffin ƙarafa. Shi a ƙarshe ne nasa ke zuwa, lokacin da Komando ya sa aka saukar da shi cikin tafasasshen ƙarfe yana ɗaga babban yatsa. Kowa ya yi tsit, wasu na share ido suna cewa hayaƙin gawayi ne, shi kuwa yana lissafin kilo nawa aka yi asara, ga jan ƙarfen da ke ciki. Kada ka yi masa dariya, ya fi kowa jin mutuwar.

In wani dattijo ya rantse cewa a zamaninsu fim ɗin yana da wani dodo ko wata ƙatuwar adda da babu su yanzu, kada ka ƙaryata shi. Fosta yake tunawa. A shekarun 1980 da 1990 masu yawo da bidiyo da janareta suna sa a zana musu tallar fim da fenti a kan buhun fulawa, kuma mai zanen yakan ƙara abin da ya ga ya dace, wani lokaci bai ma ga fim ɗin ba. Yau waɗannan buhuna a gidajen baje kolin zane na Turai da Amurka ake rataye su. Ce masa, "Baba, an yanke ne," ku rabu lafiya.

Wuta za ta iya ɗaukewa, ko kuɗin mita su ƙare daidai ana tsakiyar faɗa. Nan ne wanda ya san labari ke cin kasuwarsa. Ka miƙe ka ci gaba da bayarwa da baki, da hannu, da ƙarar bindiga. Ka ƙara gishiri yadda kake so, amma ka bar ƙofa a buɗe, don wutar tana iya dawowa ta ƙaryata ka.

Idan Hajiya ta leƙo, ita tambayarta ɗaya ce: ina uban yaron nan, kuma wa ya bar shi yana satar kuɗi a na'urar banki? Ka ce uban ya rasu a kashi na ɗaya. Kada ka soma bayanin cewa ɗan ne ya turo uban daga gaba tun kafin a haife shi. An gwada, ba a gama ba har aka kira isha'i.

Duk wannan karatu yana aiki a kan fim ɗin Indiya 2.0 na 2018, ci gaban Enthiran na 2010, inda Rajinikanth ya dawo a matsayin Chitti, wayoyin mutanen gari kuma suka riƙa tashi sama daga hannunsu. Bambancin kawai, a nan ba a mamaki. Duk wanda ya taɓa ratsa Circle da yamma zai ce maka ya ga waya ta bar hannun mai ita ba tare da taimakon kwamfuta ba.

In an watse aka ce gobe za a sa na uku, na 2003, ka tambaya ko har da na 2009 da na 2015 da na 2019. In aka ce duka suna cikin filashi ɗaya, ka ce kana da suna a Ashaiman, kuma daga can za ka wuce gaisuwar rasuwa a Madina.